Darasi Kan Gane Manyan Faɗa-wuta a Kewayen Gida

Daga saukar ruwan farko a watan Mayu har zuwa ɗaukewar damina a farkon Oktoba, duk inda aka kunna fitila da dare a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ko ƙwan lantarki ne a ƙofar zaure ko fitilar sola a teburin mai shayi, ƙwari iri-iri kan taru su yi ta kewaya hasken, kuma a cikinsu akwai masu faffaɗan fukafukai da gari a jiki waɗanda Hausawa ke kira faɗa-wuta, saboda yadda suke afka wa harshen acibalbal tun kafin zuwan lantarki. Abin da aka saba gani shi ne, idan babba daga cikinsu ya sauka a bango, wanda faɗinsa ya kai tafin hannun magidanci, sai yara su firgita, wani ya ɗauko takalmi ko tsintsiya ya murƙushe shi, alhali ƙananan masu launin ƙasa da suka cika bangon ba mai kula su. Wannan darasi zai nuna cewa hukuncin a juye yake, domin manyan ba sa cizo, ba sa harbi, da yawansu ma ba su da bakin cin abinci, ƙananan da ake rainawa kuwa a cikinsu ne ake samun iyayen tsutsotsin da ke cinye masara da wake da tumatir.

Abin da ya raba shi da malam-buɗe-littafi

Masana ilimin ƙwari sun sa faɗa-wuta da malam-buɗe-littafi a rukuni guda mai suna Lepidoptera, saboda dukkansu suna da wani gari a fukafukai wanda yake maƙalewa a yatsa idan an taɓa su, kuma idan aka duba garin da na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa za a tarar ba ƙura ba ce, ƙananan ɓawo ne a jere layi bisa layi, waɗanda su ne ke ba fiffiken launinsa da zanensa. Nau'o'in faɗa-wuta da aka sani a duniya sun kai kimanin 160,000, na malam-buɗe-littafi kuwa ba su haura 20,000 ba, sai dai da yake shi da rana yake yawo a kan furanni, ido ya fi sabawa da shi. Ana iya raba su ta lokacin fitarsu da kuma yadda suke zama, domin malam-buɗe-littafi yakan haɗe fukafukansa a tsaye bisa bayansa yana buɗewa yana rufewa, faɗa-wuta kuwa yakan shimfiɗa nasa a kan bango ko ya kifa su a jikinsa, amma waɗannan alamu biyu suna da togaciya, tun da akwai faɗa-wuta masu yawon rana. Alamar da ba ta cika yaudarar mutum ba tana kai, wato ƙahonnin nan biyu sirara da ƙwaron ke sansanar wari da su: na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe, na faɗa-wuta kuwa ko dai zare ne mai tsini, ko masu rassa ne gefe da gefe a siffar gashin tsuntsu.

Kowane ɗayansu yana ratsa matakai huɗu a rayuwarsa, kuma wanda bai san matakan ba zai ɗauka halittu ne dabam-dabam. Mace takan saka ƙwai a kan ganyen da 'ya'yanta za su ci, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta yi ta ci tana saɓa sau huɗu ko biyar har ta gama girma, sa'an nan ta daina yawo fatarta ta taurare ta zama ƙwanso, wanda a cikinsa ne jikinta ke sauyawa gaba ɗaya, daga ƙarshe mai fukafukai ya fasa ya fito. Wasu tsutsotsin sukan saƙa wa ƙwanson gida na siliki a kan reshe, wasu kuwa sukan haƙa ƙasa su kwanta ba tare da sun saƙa komai ba. Abin da ya kamata manomi ya riƙe shi ne, kusan duk ɓarnar da ake yi wa shuka a matakin tsutsa ake yin ta, kuma yawancin tsutsotsi suna da 'yan tsirarun itatuwa ko shuke-shuken da suke ci, ba sa taɓa saura ko da yunwa za ta kashe su, saboda haka tsutsar da ke kan kaɗanya ba za ta sauko ta ci masarar da ke ƙarƙashinta ba.

Luna da inda yake

Wanda ya fi suna a cikin manyan faɗa-wuta, wanda kuma hotonsa ke yawo a wayoyin hannu, shi ne Luna, wanda masana ke rubuta cikakken sunansa Actias luna, kuma masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa sunan luna a 1758. Launinsa kore ne mai haske, jikinsa fari ne mai gashi, faɗin fukafukansa yakan kai santimita 8 zuwa 12, kowane fiffike yana da ɗigo guda mai kama da ido, sa'an nan fukafukan baya biyu sun zarce sun zama dogayen wutsiyoyi masu murɗewa a ƙarshe. Mazauninsa gabashin Amurka ta Arewa ne, daga kudancin Kanada har zuwa jihar Fulorida, kuma tsutsarsa tana cin ganyen itatuwan can ne waɗanda babu su a ƙasar Hausa, don haka duk wanda ya ga wani koren faɗa-wuta a garuruwan yankin nan, kamar Sheme ko Damari, ya ce Luna ne, to wani nau'in ya gani dabam.

Wutsiyoyin nan ba ado ba ne kawai. Jemagu masu cin ƙwari ba da ido suke farauta ba, wani siririn sauti suke fitarwa su saurari amsa-kuwwarsa don su gane inda abin cinsu yake, kuma wani bincike da masana a jami'o'in Amurka suka wallafa a 2015 ya nuna cewa wutsiyar Luna tana jujjuyawa yayin tashi, tana rikita amsa-kuwwar, sai jemagen ya kai cafka ga wutsiya ya bar jiki, ƙwaron ya tsira da guntuwar wutsiya. Luna yana da 'yan uwa masu wutsiya a Afirka, kamar Argema mimosae na gabashi da kudancin nahiyar, wanda tsutsarsa ke cin ganyen danya, wanda kuma Zulu ke zuba tsakuwa a cikin gidan silikinsa su ɗaura a ƙafa don rawa, da kuma na tsibirin Madagaska mai wutsiyar da ta kai santimita 15. Dukkansu 'yan dangi ɗaya ne mai suna Saturniidae, mai nau'o'i fiye da 2,000, kuma a wannan dangi ne rukunin farko na manyan faɗa-wutan kudancin Katsina yake, ko da yake su ba su da doguwar wutsiya.

Ana gane 'yan wannan dangi da abubuwan da suka gada tare: jiki mai kauri da gashi, ɗan ƙaramin kai, faffaɗan fukafukai masu ɗigon ido ko wata taga garai-garai da ake hango abin da ke bayanta, da tashi mai nauyi kamar ba su ƙware ba. Babban abin mamaki game da su shi ne, mai fukafukan ba shi da baki mai aiki, ba ya ci ba ya sha, da kitsen da ya tara tun yana tsutsa yake rayuwa, kuma kwanakinsa ba su cika wuce mako guda ba, waɗanda a cikinsu ba shi da wani aiki sai neman abokin haɗuwa. Mace takan zauna wuri ɗaya cikin dare ta saki wani sinadarin wari da ake kira feromon, namiji kuma ya sansano shi da faffaɗan ƙahonninsa daga nisan da ya kai kilomita, shi ya sa ƙahonnin namiji suka fi na mace faɗi nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa mafi yawan waɗanda ke zuwa fitila maza ne.

Na kaɗanya da na magarya

Kudancin Katsina, musamman Faskari da Sabuwa inda ruwan shekara kan kai kimanin milimita 1,000, yana bakin yankin da kaɗanya da ɗorawa da doka ke tsiro, kuma kaɗanya tana da nata faɗa-wuta wanda masana ke kira Cirina. Shi ba mai ƙyalli ba ne, launinsa ruwan ƙasa ne mai ɗan ja-ja, da ɗigo ƙarami a fiffiken baya, kuma yakan fito daga ƙasa da ruwan farko a Mayu ko Yuni. Macen takan manna ƙwai masu yawa a dunƙule kewaye da siririn reshe, bayan kimanin wata guda su ƙyanƙyashe, ƙananan tsutsotsin su fara cin ganye a cunkushe wuri ɗaya, sa'an nan su bazu a kan bishiyar yayin da suke girma. Idan sun kusa gama girma, wajen Yuli zuwa Agusta, tsawonsu yakan kai yatsan babban mutum, baƙaƙe da ratsin rawaya da fari da 'yan gajerun gashi, kuma a shekarar da suka yi yawa mai tsayuwa a ƙarƙashin kaɗanyar zai riƙa jin saukar kashinsu a kan busassun ganye, ya ɗaga kai ya ga rassa tsirara a tsakiyar damina. Daga nan sai su gangaro ta jikin itacen, galibi da asuba, su nutse cikin ƙasa a gindinsa su zama ƙwanso, su kwanta kimanin wata tara, kaka da hunturu da bazara duk su wuce a kansu, har ruwa ya sake jiƙa ƙasa.

Ganin kaɗanya ba ganye yakan tayar wa mai gona hankali, amma bishiyar takan sake tofo cikin 'yan makonni, kuma binciken da aka gudanar a kudu maso yammacin Burkina Faso bai sami shaidar cewa cin ganyen yana rage 'ya'yan kaɗe ba, ga shi kuma kashin tsutsar taki ne da ke zuba a gonar kyauta. Cin tsutsa ba ya cikin abin da Hausawa suka saba da shi kamar yadda suka saba da fara da shinge, amma wannan tsutsa abinci ce mai daraja a wurin Nufawa, waɗanda ke kiranta mani-mani, da Yarabawan Kwara, da mutanen Bobo-Dioulasso a Burkina Faso da ke kiranta shitumu, inda mata ke tsintar ta da sassafe su tafasa su shanya su kai kasuwa, kuma fiye da rabin nauyin busasshiyar sinadarin gina jiki ne. Haƙiƙanin abin da ke barazana ga kaɗanya gatarin masu gawayi ne, ba tsutsa ba, kuma duk kaɗanyar da aka sare an tafi da gidan ƙwarin da ke kanta da na ƙarƙashinta.

Wani babba da ake iya gamuwa da shi, wanda ya fi na kaɗanya girma da kyau, shi ne Bunaea alcinoe, mai faɗin da yakan kai santimita 15. Fukafukansa na gaba ruwan ƙasa ne mai duhu da fararen layuka da taga garai-garai, kuma yana zaune yakan rufe na baya da su, amma da zarar an taɓa shi sai ya buɗe farat ɗaya, manyan idanu biyu masu launin lemo da baƙin zobe su bayyana, wanda hakan kan sa tsuntsu ko ƙadangare ya ja da baya, ya ɗauka wata babbar dabba ce ke kallonsa. Wannan ne dukkan makaminsa, kuma shi ne abin da ke jawo masa takalmi a gidaje. Tsutsarsa baƙa ce wulik mai fararen ƙayoyi da jajayen ɗige-ɗige a gefe, tana cin ganyen itatuwa da dama, ciki har da mangwaro da tafashiya da dangin maɗaci, ita ma kuma a ƙasa take kwanciya.

A inda ƙasa ta fi bushewa, kamar yadda take soma yi daga Ƙanƙara zuwa arewa, magarya tana ɗauke da Epiphora bauhiniae, wanda aka sani daga Senegal har Sudan. Launinsa ja ne mai duhu da yayyafin fari, kowane fiffike da babbar taga garai-garai mai gefen rawaya. Shi tsutsarsa ba ta shiga ƙasa, gida mai tauri take saƙawa ta rataye shi a reshe da igiyar siliki, kuma da rani, lokacin da ganye ya ragu, ya fi sauƙin hangowa. Faransawa sun taɓa gwada shi a ƙarni na 19 ko zai ba da silikin kasuwa.

Faɗa-wutan da ya ba da zaren tsamiya

Silikin da ya shiga kasuwa da gaske a ƙasar Hausa daga wani dangi dabam ya fito, wato Anaphe da makusantansa. Mai fukafukan matsakaici ne, fari mai ɗan rawaya da layuka ruwan ƙasa da suka ratsa fiffiken gaba, kuma ba mai ɗaukar ido ba ne, amma tsutsotsinsa suna da wata ɗabi'a ta zama tare: sukan yi tafiya a jere ɗaya bayan ɗaya a jikin itace, idan lokacin kwanci ya yi kuma ɗaruruwansu su taru su saƙa gidajensu a manne da juna a dunƙule guda. Irin waɗannan dunƙule ake cirowa daga jikin tsamiya da doka, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke a shanya, mata su kaɗa zaren da mazari, kuma wannan zare mai launin ƙasa-ƙasa shi ne tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da ita, irin su aska takwas, shi ne kuma fatake ke kai wa ƙasar Yarabawa inda ake saƙa tufar da suke kira sanyan. Dazuzzukan doka irin na Kogo a Faskari da waɗanda suka miƙa zuwa Birnin Gwari su ne irin mazaunin waɗannan tsutsotsi, kuma abin takaici ne a ce matashi ya san sunan rigar tsamiya bai san daga jikin ƙwaro zarenta ya fito ba.

Akwai gargaɗi biyu game da wannan dangi. Gashin tsutsar da wanda ke maƙale a gidanta yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, kamar na sauran gizaka, wato tsutsotsi masu gashi, don haka ba a ɗaukar su da hannu tsirara. Sa'an nan a shekarun 1990 likitoci suka danganta wata cutar rawar jiki da tangaɗi da ke ɓulla da damina a yankin Ilesha da cin tsutsar Anaphe venata, domin tana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jikin mutum, wanda ke nuna cewa don an ga wasu al'umma na cin tsutsar kaɗanya ba dalili ba ne a ɗauka kowace tsutsa ciwuwa take.

Masu dogon baki

Rukuni na biyu na manyan da ke zuwa fitila shi ne dangin Sphingidae, kuma raba su da na farko, wato Saturniidae, ba wuya, domin jikinsu mulmulalle ne mai tsini a baya, fukafukansu sirara ne dogaye da suke kwantar da su baya idan sun zauna, tashinsu kuma da sauri yake da ƙugi. Su suna ci, kuma yawancinsu suna da dogon bakin tsotso da suke naɗewa a ƙarƙashin kai, su warware shi su zura cikin fure suna shawagi a iska ba tare da sun sauka ba. A nan amfaninsu ga gona yake, domin farin furen duma da ke buɗewa da magariba, da furen gwanda, suna cikin waɗanda irin waɗannan ƙwari ke ɗauko wa garin fure daga wata shukar su kai wa wata har su yi 'ya'ya.

Wanda masu noman dankali suka fi haɗuwa da shi shi ne Agrius convolvuli, toka-toka mai ratsin ja-ja da baƙi a ciki, wanda bakinsa ya fi jikinsa tsawo. Tsutsarsa tana cin ganyen dankali, kuma lokacin haƙa akan tono ƙwansonta, ja mai sheƙi, da wani lanƙwasasshen abu a gaba kamar mariƙin buta, wanda a cikinsa ne dogon bakin ke girma. Akwai kuma Acherontia atropos, baƙi-baƙi mai ratsin rawaya, wanda ke da zane a ƙeya mai siffar ƙoƙon kan mutum, kuma idan an kama shi yakan yi wata 'yar ƙara. Turawan da sun camfa shi da mutuwa, amma laifinsa bai wuce shiga amya ya sha zuma ba. Tsutsotsin wannan dangi galibi suna da ƙaho guda a baya, wanda mutane ke ɗauka ƙari ne, alhali taushi gare shi, ba ya huda komai.

Ƙananan da ya kamata a sa wa ido

Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda masana ke kira Spodoptera frugiperda, daga nahiyar Amurka ta fito, an kuma fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016 a kudu maso yammacin Najeriya, kafin ta bazu ko'ina. Uwarta ba ta wuce santimita 4 a faɗi ba, fukafukan gaba toka-toka da ruwan ƙasa, namiji da ɗan fari a tsinin fiffike, na baya kuwa farare masu duhun gefe. Tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka, tana saka ƙwai 100 zuwa 200 a wuri ɗaya a kan ganye ta lulluɓe su da garin jikinta, su ƙyanƙyashe cikin kwana biyu ko uku. Ana gane tsutsar da alamar harafin Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe a murabba'i kusa da ƙarshen bayanta. Ga yankin da masara ke cikin manyan amfanin gonarsa, wannan ne faɗa-wutan da ya cancanci kowane manomi ya san kamanninsa.

Na wake, Maruca vitrata, ya fi wannan ƙanƙanta, ruwan ƙasa ne da fararen tagogi, yana zama da fukafukai a baje, kuma tsutsarsa ce ke cin fure da kwanson wake, wadda saboda ita Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai jure mata, SAMPEA 20-T, a 2019. Masu noman auduga a Daudawa, garin da ya yi suna da gonar irin auduga tun zamanin Turawa, sun daɗe da sanin tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, wadda uwarta ita ma ƙarama ce mai launin ƙasa. Mafi ƙanƙanta kuwa ita ce Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, da ƙyar faɗinta ya kai santimita guda, amma a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A cikin ɗaki kuma akwai asu mai cin tufafi da 'yan ƙananan da ke tashi idan an buɗe buhun hatsi.

Yadda ake dubawa

Ba sai an shiga daji ba, kuma a halin tsaron da yankin ke ciki ba a ba kowa shawarar fita da dare don neman ƙwari, tsakar gida ta wadatar. Ana rataya farin zane a bango ko a igiyar shanya, a haska shi da fitilar sola ko tocila mai farin haske bayan sallar isha'i, kuma daren da ya fi kawo su shi ne mai zafi da laima, marar iska, wanda babu farin wata, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa. Farin haske ya fi ja-ja ko rawaya jawo su, saboda haka gidan da ƙwari suka dama zai sami sauƙi idan ya sauya ƙwan ƙofa zuwa mai rawaya. Dalilin kewaya fitila kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa ƙwaro mai tashi yakan juya bayansa ga inda haske ya fi yawa, domin a halitta can ne sama, to idan fitila ta maye gurbin sama sai ya yi ta karkata yana zagaye ba ya iya ficewa, wato ruɗewa ce ba sha'awar wuta ba. Wannan ya sa ya dace a kashe fitilar da zarar an gama dubawa, a kaɗe zanen su watse.

Wanda bai samu dubawa da dare ba zai iya duba bangon da ke kusa da ƙwan lantarki bayan sallar asuba, kafin kaji da tsuntsaye da ƙadangaru su riga shi, domin a lokacin ƙwarin sun lafa, ana iya matsowa dab da su. Tambayoyin da mai dubawa zai yi wa kansa su ne girman ƙwaron, da siffar ƙahonninsa, da yadda ya ajiye fukafukansa, da ko akwai ido ko taga a kansu, da kuma itatuwan da ke kusa da gidan. Idan akwai waya, a ɗauki hoto daga sama da kuma daga gefe, a ajiye kwalin ashana kusa da shi don a san girmansa, kuma manhajar iNaturalist tana ba da damar ɗora hoton masana daga ƙasashe dabam-dabam su taimaka da suna. Ba a kama babban faɗa-wuta ta fiffike, domin garin yana gogewa fiffiken kuma yana yagewa, sai dai a sa yatsa ko ɗan kara a gaban ƙafafunsa ya hau da kansa, a kai shi cikin ganye inda inuwa take. Da rana kuma, hanyar gano manyan tsutsotsi ita ce duban ƙasa ba sama ba, domin baƙin kashinsu mai tsaga-tsaga a gindin itace shi ke nuna reshen da suke. A kiyayi wata gajeruwar koriyar tsutsa mai tuntun ƙayoyi da ke laɓewa a bayan ganyen mangwaro, domin ita tana da zafi ƙwarai, kuma wanda ta taɓa ya wanke wurin da sabulu da ruwa ba tare da ya sosa ba.

Aikin da ake so kowane ɗalibi ya yi a wannan damina shi ne ya keɓe shafi a littafinsa, ya riƙa rubuta kwanan wata da yanayin dare da irin faɗa-wutan da ya gani da yawansu, ya kawo aji a kwatanta da na sauran ƙauyuka. Idan ƙananan masu launin toka suka ƙaru a kan zane a lokacin da masara ke ƙarama, to a shiga gona cikin kwana biyu ko uku a duba bayan ganye da cikin zuciyar shuka, a murƙushe ƙwan da aka gani, a kuma nemi shawarar malamin gona kafin a sayi maganin feshi, domin feshin da aka yi ba a san abin da ake yaƙa ba asarar kuɗi ne, yana kuma kashe zuma da sauran ƙwari masu amfani. Ajin da ke son ganin matakan rayuwa da idonsa zai iya ɗaukar babbar tsutsar kaɗanya guda biyu ko uku a watan Agusta, a sa su a bokiti mai ƙasa kamu ɗaya a ƙasansa, a rufe da gidan sauro, a riƙa ba su sabon ganyen kaɗanya kullum har su nutse. Bokitin yana bukatar inuwa da kariya daga tururuwa da ɓeraye har bazara ta wuce, sa'an nan a yayyafa masa ruwa idan damina ta sauka, a kuma kafa ɗan kara a ciki, domin sabon fitowa yana bukatar wurin da zai rataya sa'a ɗaya ko biyu kafin fukafukansa su miƙe su bushe, idan bai samu ba kuwa a naɗe za su taurare, ba zai taɓa tashi ba.